Yadda ake haɗa katin gaisuwa da hannu da sitam da tawada

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk sallah, duk suna, duk walimar sauka, gaisuwar da ke yawo yanzu hoto ne guda ɗaya mai fulawa da jinjirin wata wanda aka yi ta turawa a WhatsApp har ya iso wayarki, kin gani kin ce amin kin wuce. Katin takarda da aka yi da hannu aka sa cikin kayan barka ko aka ɗaura a jikin kwalbar humra kuwa ana ajiye shi, sai ki je gidan bayan wata biyu ki tarar da shi a kan madubi. Shi zan koya muku yau, kuma da ke nake magana 'yar uwa amma maza ma ba a hana su ba. Abin da nake so ki riƙe tun daga farko shi ne kyan katin nan ba a tsadar kaya yake ba, yana ga tawada kaɗan da hannu mai nutsuwa, yawancin katin da ya lalace tawada ce ta yi masa yawa.

Takarda tukuna

Takardar fotokwafi ta yau da kullum nauyinta giram 80 ne a kowane murabba'in mita, za ki ga an rubuta a jikin bangon rim ɗin, wannan ba ta yin kati don ba ta tsayuwa kuma tawada na ratsa ta ta fito ta baya. Ki ajiye ta dai don gwaji, za ki buƙace ta da yawa. Abin da kike nema kwali ne mai nauyin giram 220 zuwa 300, in kin je wajen masu kayan rubutu a kasuwar Wunti ko babbar kasuwa a nan Bauchi ki ce kwalin da ake buga katin biki ko satifiket, za su gane. Ki shafa shi da yatsa kafin ki biya. Mai sheƙi mai santsi kamar bangon kalanda ki bar musu abinsu, tawada ba ta kama shi, sai ta zauna a sama ta yi ta jira hannunki ya goge ta. Mai gurji-gurji shi ma yana da kyau a ido amma zanen sitam ba ya fita a kansa sosai. Mai laushi marar sheƙi, fari ko ruwan madara, shi ne na koyo.

A4 faɗinsa santimita 21 tsawonsa 29.7. Ki raba tsawon gida biyu daidai, kin sami guda biyu kowanne 14.8 da 21, ki naɗe kowanne a tsakiya ya koma 10.5 da 14.8, kin ga kenan kwali ɗaya ya ba ki kati biyu. Yankan da rula da reza ko wuƙar yankan takarda ake yi a kan wani tsohon kwali mai kauri, almakashi ba ya ba da miƙaƙƙen layi komai iyawarki. Kafin naɗewa ki ɗauki biron da tawadarsa ta ƙare ki ɗora rula a daidai 10.5 ki ja layi da ɗan ƙarfi ya yi kwarmi, sai ki naɗe a kan layin ki bi da bayan cokali. In ba ki yi haka ba kwalin zai fashe a wajen naɗin ya yi kaca-kaca.

Sannan kar ki buga zanen kai tsaye a jikin katin. Ki yanka wani kwalin daban ƙarami, 9.5 da 13.8, a kansa za ki yi duk aikin, in ya yi kyau ki manna shi a fuskar katin, in bai yi ba ƙaramin yanki kawai kika yi asara. Kuma in jikin katin kala ne, misali kore ko ruwan ƙasa, sai ya leƙo rabin santimita ta kowane gefe ya zama kamar an yi masa firam.

Sitam ɗin kansa

Ba sai kin yi odar komai daga Legas ko waje ba. Kicin ɗinki ma akwai sitam. Ɗanyar kuɓewa in kika yanka ta a kwance cikinta fulawa ne sak, sai dai ki dangwala ta a tishu sau da yawa ki bar ta ta ɗan sha iska don yauƙin ya ragu, in ba haka ba tawadar za ta yi ta zamewa. Dankalin turawa ana raba shi biyu a sassaƙa tauraro ko zuciya a fuskarsa, shi ma a tsane ruwansa. Ganyen darbejiya ta bayansa ake shafa masa kala don can jijiyoyin suka fi fitowa, a kwantar a kan takarda a rufe da wata takardar a murza da yatsa. Murfin kwalba yana ba da zobe, robar kan fensir tana ba da ɗigo. Matsalar na kicin ɗin dai ba sa kwana, aikin yini ɗaya ne, gobe sai ki sake sayo kuɓewa a kasuwar Muda Lawal.

Wanda zai daɗe miki shi ne na kilina, wato farar robar goge fensir mai faɗin nan ta 'yan makaranta. Nan ki nutsu don nan ne mutane suke ruɗewa. Duk abin da yake jikin sitam a juye yake fitowa a takarda, dama ta koma hagu, don haka in kika rubuta Barka a jikin robar yadda kika saba rubutu to a takarda zai fito ta baya. Dabarar mai sauƙi ce, ki yi zanen ko rubutun a farar takarda yadda yake daidai da fensir mai laushi irin 2B, ki maimaita layin ya yi baƙi sosai, ki kifa takardar a kan robar ki murza bayanta da cokali, in kin ɗaga za ki ga zanen ya koma jikin robar a juye da kansa. Ko boko ne ko ajami duk haka ake yi.

Sai yanka. Abin da kike so ya fito a takarda shi za ki bari, sauran ki cire. Ki bi gefen layin da bakin reza ki karkatar da ita waje, yadda gindin zanen zai fi samansa faɗi, in kika yanka ta ƙarƙashinsa layin zai yi rauni ya gutsure da wuri. Zurfin milimita 2 ya isa. Robar za ki riƙa juyawa ba hannunki ba, kuma bakin rezar ya riƙa tafiya nesa da yatsunki, in rezar mai baki biyu ce ki naɗe ɗaya bakin da salatif. Yara kam a bar musu bugawa, yankan na manya ne. In kin gama ki datse gefunan robar da suka rage, don su ne suke ɗaukar tawada su bar miki wani datti a kewayen zane.

Ki fara da abu mai sauƙi, jinjirin wata, tauraro, ganye guda, fitila. Kowa so yake ya fara da dagin Arewa don shi ne namu kuma yana yi wa kati kwarjini, amma layukansa suna ratsa juna, sai hannu ya faɗa tukuna. In lokacinsa ya yi, duk inda igiya ɗaya ta bi ta ƙarƙashin ɗaya ki bar ɗan fili siriri a gefe biyu, wannan filin ne yake nuna saƙar. Masu iya zanen lalle ku kun riga kun yi rabin tafiya, 'yan ganyayyaki da ɗigon da kuke jerawa a bayan hannu su ne dai ake nema a nan.

Babban zane kuwa da tsohon silifas ake yi, a wanke shi tas a yanka siffar a manna a guntun katako, kafinta zai ba ki guntaye kyauta ma in kin tambaya. Rubutu ƙanana irin Allah ya maimaita mana ni shawarata kar ki wahalar da kanki, ki kai wa masu yin sitam na ofis su yi miki guda biyu ko uku na kalmomin da kika fi amfani da su, sau ɗaya za ki biya ki yi ta mora.

Tawada

Ta shago iri biyu ce a taƙaice. Akwai mai ruwa-ruwa wadda take shiga cikin takarda ta bushe nan da nan, irinta ce a kushin sitam na ofis, wato soson tawadar da ake dangwala sitam a kai, tana fitar da siraran layi da kyau amma ba ta fitowa a kan kwali mai duhu kuma yawancinta in ruwa ya taɓa ta sai ta baje. Akwai mai kauri wadda take zama a saman takarda, kalarta ta fi cika, fararta da ruwan gwal ɗinta suna fitowa ko a baƙin kwali, amma tana jan lokaci kafin ta bushe. In kushin ofis kawai kika samu ki ɗauki baƙi ko ja, shunayyar nan ki rabu da ita, katinki zai yi kama da rasit.

Kina iya haɗa kushinki a gida. Ki sami murfin roba mai faɗi, ki shimfiɗa siririn soso ko tsumma mai laushi ninki uku, ki haɗa kalar abinci irin ta masu kek da 'yan ɗigon gilisarin ɗin da muke saya a kyamis lokacin hunturu, ki zuba kaɗan-kaɗan har soson ya jiƙa amma in kin danna da yatsa ruwa bai taso ba. Gilisarin ɗin shi yake hana ta saurin bushewa a kan soson. Fentin akirilik ma yana yi musamman da silifas da dankali, sai dai shi ba a tsoma sitam a ciki, da guntun soso ake dangwala shi a fuskar sitam ɗin siriri, kuma da kin gama ki wanke don in ya bushe a jikin roba fitarsa sai an sha wuya.

Tawadar allo fa? Tana yi, kuma baƙinta yana da wani kyau na daban, amma ki ƙara mata ƙaro ta yi kauri don yadda take ɗin nan ta yi ruwa da yawa ga sitam. Ki tuna kuma ita an yi ta ne don ta wanku, ɗigon ruwa ɗaya ko jiƙaƙƙen yatsa zai ɓata ta. Ruwan zoɓo mai kauri yana ba da ja mai duhu, kurkum yana ba da rawaya, suna da kyau wajen shafe bayan zane, amma duka biyun suna koɗewa in rana na dukan su, ki san da wannan kafin ki yi wa wani katin da kike so ya daɗe.

Bugawa

Tebur ya zama mai ƙwari wanda ba ya rawa, ki shimfiɗa jarida ninki huɗu ko biyar a ƙarƙashin takardar don ta ɗan sami laushi. Ki dangwala sitam a kan kushin a hankali sau da yawa kamar mai sa hoda a fuska, ba dannawa ake yi ba, in kika danna tawada za ta cika ramukan da kika sha wahalar yankewa. In sitam ɗin ya fi kushin girma ki kwantar da shi fuskarsa sama ki riƙa dangwala masa kushin. Ki juyo shi ki duba a haske, ko'ina ya ɗan yi sheƙi amma babu inda tawada ta taru.

Ki miƙe tsaye, a tsaye nauyin hannu ya fi sauka daidai. Ki sauke sitam ɗin a miƙe, ki danna tsakiya da gefuna da tafin hannu, ki ƙirga ɗaya zuwa biyar, kar ki jijjiga shi kar ki murza, sai ki dafe takardar da ɗaya hannun ki ɗaga shi sama a miƙe. Bugun farko da na biyu kullum a takardar gwaji ake yi, sabon sitam ba ya kama tawada sosai sai an ɗan yi aiki da shi.

Daga abin da ya fito za ki gane matsalar. In gefen zanen ya yi kauri ya baje, tawada ta yi yawa. In tsakiya ya fito fari, ko dai teburin ya yi tauri babu shimfiɗa ko ba ki danna tsakiyar ba. In layi ya fito biyu-biyu hannunki ya motsa. In wasu 'yan layuka sun fito a kewaye waɗanda ba ki zana ba to gefen robar ne, ki koma ki ƙara datsewa. Ɗan wurin da bai kama ba kuwa kar ki ce za ki mayar da sitam ki sake bugawa a kai, ba zai taɓa sauka daidai ba, ki cike shi da siririn biro mai kalar.

Bari mu haɗa na sallah guda ɗaya daga farko har ƙarshe don a ga yadda dabarun suke shiga juna. Ki ɗauki ƙaramin kwalin nan 9.5 da 13.8. Ki yanka da'ira a takardar banza, faɗin murfin kwalba, ki ɗora ta a sama ta gefen dama ki dafe. Ki ɗauki guntun soso ki dangwala a shuɗiyar tawada, ki fara rage ta a takardar gwaji har ta kusa ƙarewa, sannan ki fara shafawa daga wajen kwalin kina shigowa ciki kina juya hannu a hankali, sama ya fi duhu yana raguwa yana raguwa har tsakiyar kwalin ya zama fari. Gara ki maimaita sau biyar da tawada kaɗan da ki zuba sau ɗaya ya yi tabo. In kin ɗaga da'irar wurin ya rage fari tas, a ciki za ki buga jinjirin watanki da rawaya ko ruwan gwal. Ki bar shi ya bushe.

Sai ƙasa. Ki sa wa sitam ɗin ganye koriyar tawada ki buga a kusurwar hagu, kar ki ƙara tawada ki sake bugawa a gefensa, ki sake na uku. Na farko zai fito da duhu, na biyu da haske, na uku kamar inuwa, sai ya zama kamar wasu ganyen suna gaba wasu suna can baya alhali kala ɗaya kika yi amfani da ita. Wannan dabarar ita na fi so a duk aikin nan don ba ta cin komai. Wasu ganyen ki bari su fita wajen kwalin rabi ya hau kan jarida, ya fi kyau a kan a ce komai ya tsaya cif a ciki. In kina so fulawa ta fito a gaban ganye ba tare da sun haɗe ba, ki fara buga fulawar, ki sake buga ta a takardar banza ki yanke ta daidai ki rufe ta ainihin da ita, sai ki buga ganyen a kai, in kin ɗaga za ki ga ganyen ya ɓuya a bayanta.

Rubutun shi ne na ƙarshe, da baƙi, a filin da ya rage fari. Ki ja siririn layi da fensir ki jera gindin sitam ɗin da shi don kar ya karkace, ki goge layin bayan ya bushe sarai. 'Yan taurari da robar kan fensir guda uku ko biyar sun isa. Kuma don Allah a bar fili, ba dole sai an cike ko'ina ba, farin da ya rage shi yake sa ido ya ga zanen. Mai son ƙyalli ta buga sitam da farin gam siriri ta barbaɗa ƙyallin ta kaɗe saura, amma a wuri ɗaya kawai. In za ki sa kala a cikin zane ki yi da fensir mai kala, fentin ruwa sai in kin tabbatar tawadarki ba ta bajewa, ki gwada a gefe tukuna.

Yanayin garin nan ma yana da nasa. Da hunturu tawada tana bushewa a jikin sitam kafin ma ki kai shi takarda, sai ki yi sauri, ki rufe kushin duk lokacin da kika ɗaga hannu, ki kuma rufe taga don ƙura tana mannewa a ɗanyar tawada. Da damina kuma akasin haka ne, mai kaurin nan sai ta yi awanni ba ta bushe ba, ki shanya su ɗaya-ɗaya kar ki ɗora wani a kan wani.

Mannawa da gam na sanda ko salatif mai fuska biyu ake yi, farin gam mai ruwa yana sa kwali ya lanƙwashe, in shi kaɗai gare ki to ɗigo ƙanana a kusurwa huɗu da tsakiya. Ki sa farar takarda a kai ki danne da littafi mai nauyi ya kwana.

Ciki da hannu ake rubutawa, nan ba wurin sitam ba ne. Ki kira mutum da sunan da kike kiran sa, Hajiya, Gwaggo, Kawu, Yaya, Anti, Malam, layi biyu ko uku sun wadatar. Na sallah barka da shan ruwa Allah ya karɓi ibada ya maimaita mana, na suna Allah ya raya ya ɗayyaba, na biki Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, na sauka Allah ya sa albarka a karatu, maƙwabta da abokan aiki Kirista barka da Kirsimeti da sabuwar shekara. Ayar Alƙur'ani dai ni ban ga dalilin buga ta a kati ba, don ba ki san inda zai ƙare ba, yaro na iya ɗauka ya yi wasa da shi a tsakar gida, addu'a da Hausa ta isar da saƙon.

Ambulan ɗin da ya dace da wannan girman shi ne C6, 11.4 da 16.2. In ba ki samu ba ki yanka takarda 21 da 21, ki juya ta kusurwa ɗaya tana kallon ki, ki ɗora katin a kwance a tsakiya, ki naɗo kusurwar dama da ta hagu, ki naɗo ta ƙasa ki manne ta da su, ta sama ita ce marfi. Ki buga ƙaramin ganye ɗaya a marfin ya dace da na ciki.

Wankin sitam da jiƙaƙƙen tsumma ne ko ruwa da ɗan sabulu da tsohon burushin haƙori, fetur da kananzir suna cinye roba, kar su kusance shi. Ya bushe a inuwa, a ajiye a gwangwani mai murfi nesa da rana, kushin kuma a ɗaure a leda.

In da yawa za ki yi, misali na rabon biki ko odar wata mai sayar da turaren wuta da ke so ta riƙa sa katin godiya a kayanta, kar ki gama ɗaya ki koma ɗaya. Ki yanka duka, ki ja layin naɗi duka, ki shafa shuɗin duka, kafin ki gama na ƙarshe na farko ya bushe sai ki dawo da ganye. Ki yanka fiye da adadin da aka ce don wasu dole za su ɓaci, ki ajiye guda ɗaya mai kyau a gabanki kina dubawa don su yi kama da juna, kuma wajen sa farashi ki lissafa kwali da tawada da gam da ambulan da waɗanda suka ɓaci da lokacin zamanki, ki karɓi rabin kuɗin kafin ki fara yanka.